Sharhi: Shin ƙaro da zogale za su iya hana tumatinmu ruɓewa?

Daga watan Janairu zuwa Maris, duk wanda ya shiga kasuwa a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya san abin da zai tarar. Tumati ne tuli-tuli, ja wur, mai kaya na roƙon mai saye. Da azahar ta yi farashi ya karye. Da la'asar, wanda ya fara ruwa a zuba shi bayan rumfa, awaki su samu rabonsu. Bayan wata uku kuma, daga tsakiyar bazara zuwa farkon damina, tumatin nan sai mai hali, uwargida ta koma ga kauɗa da na gwangwani wanda aka shigo da shi daga waje.

Manomi ya sayi iri da taki, ya zuba mai a injin ban-ruwa, ya kwana cikin garka da sanyin hunturu. Amma ranar da ya tsinke kayansa ba shi da bakin ciniki, don dillali ya san kayan ba su iya kwana uku. Wanda kayansa ke ruɓewa ba ya ja da mai saye.

Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce a rahotonta na 2019 kusan kashi 14 cikin 100 na abincin da ake nomawa a duniya yana lalacewa tsakanin gona da shagon mai sayarwa, kuma kayan lambu da ƴaƴan itace suna cikin waɗanda suka fi shan wannan asara. Ƙasashen da ke da wuta sun magance tasu da ɗakunan sanyi da motoci masu firigo. Mu a nan, mafi yawan garuruwanmu ba su da kuran, inda akwai shi ma mun ga yadda ta kasance a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba mu. Hanya ma ta ƙara tsawo da aka rufe iyakar Benin a 2023, kamiyo da yawa suka koma bi ta Burkina Faso. Kowace rana da kaya suka ƙara a kan hanya, a jikinsu take fita.

Shi ya sa wata dabara da masu bincike ke ta gwadawa a ƙasashe da dama ta cancanci mu tsaya mu dube ta. Dabarar ita ce a shafa wa ɗan itace wani siririn lulluɓi wanda ake iya ci, a haɗa shi da ruwan wasu tsirrai masu kashe ƙwayoyin cuta, don ya ƙara kwana bai lalace ba. Abin da ya sa zancen ya shafe mu shi ne, biyu daga cikin kayan haɗin da ake yawan ambata namu ne: ƙaro da zogale.

Me ke kashe tumati bayan an tsinke shi?

Jama'a masu sauraro, tumati ko mangwaro da aka tsinke bai mutu ba. Yana numfashi kamar ni da kai, yana shaƙar iska, yana ƙona zaƙin da ke cikinsa. Yana kuma fitar da wata iska da ido ba ya gani, masana na ce mata etilin, ita ce ke sa shi nuna, ta kuma sa na kusa da shi su nuna. Don haka ne idan aka rufe ɗanyen mangwaro tare da nunanne sai su nuna gaba ɗaya.

Na biyu, ruwa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na jikin tumati ruwa ne. Iskar hunturu da zafin bazara suna tsotse shi, fata ta yamutse, nauyi ya ragu. Mai sayarwa da kilo ya yi asara tun kafin kaya su ruɓe.

Na uku, hunhuna da ƙwayoyin cuta. Baƙin tabon nan da ke fitowa a jikin mangwaro, gwanda da ayaba idan sun nuna, aikin hunhuna ne wanda sau da yawa tun a kan itace ya kama ɗan, ya laɓe yana jiran ya yi taushi. Duk inda fata ta fashe ko ta ƙuje kuwa, ƙofa ce aka buɗe musu.

Zafi ne ke iza wutar duka ukun. Ƙa'idar da masana suka sani ita ce, duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10, numfashin ɗan itace kan ninka sau biyu ko uku. Ku auna wannan da watan Afrilu a ƙasarmu, inda zafi ke wuce digiri 40 a inuwa.

Mene ne wannan shafi?

Abin ba sabo ba ne. Tun ƙarni na 12 da na 13 mutanen Sin ke shafa wa lemu kaki don ya daɗe. A Amurka an fara yi wa lemu haka a masana'anta tun shekarun 1930. Ƴan uwanmu da ke Faransa, Aljeriya ko Libiya, tuffa da lemun da kuke gani suna sheƙi a manyan shaguna, da yawansu an shafa musu kakin zuma, ko kakin wani itace mai kama da giginya da ke Brazil, ko wani danƙo da wasu ƙananan ƙwari ke fitarwa a Indiya da Thailand.

Abin da ke sabo shi ne haɗa abu biyu. Na farko shi ne jikin shafin, wato abin da zai bushe ya zama fata siririya, kamar ƙaro, sitacin rogo, ruwan alobera, ko wani sinadari mai suna kitosan da ake fitarwa daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa. Wannan fata tana rage fitar ruwa, ta rage shigar iska, numfashi ya yi sanyi, nuna ta jinkirta. Na biyu shi ne maganin da ake sa wa a ciki, daga kanumfari, kirfa, citta, tafarnuwa, ganyen zogale ko ciyawar nan mai ƙamshin lemu da ake sa wa shayi. Waɗannan suna ɗauke da sinadaran da ke hana hunhuna da wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Iyayenmu mata sun san haka tun ba yau ba, kayan yajin da ake sa wa kilishi ba don ɗanɗano kaɗai ba ne. In an shafa man kanumfari shi kaɗai, nan da nan zai bi iska, ko ya ƙona fatar ɗan itacen. Ƙaron ne ke riƙe shi, yana sakin sa kaɗan-kaɗan.

Yadda ake yi kuwa: a wanke kaya, a tsoma su cikin ruwan haɗin ko a fesa musu, a shanya su a inuwa har su bushe, sannan a jera.

Abin da gwaji ya nuna

A shekarar 2010, wasu masu bincike na jami'ar Nottingham, reshen ƙasar Malesiya, ƙarƙashin Asgar Ali, sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da ƙaro a kan tumatin da ya ƙosa amma bai yi ja ba. Sun gwada kauri iri-iri, suka ga wanda ya fi shi ne kashi 10 cikin 100, wato kamar giram 100 na ƙaro a lita ɗaya ta ruwa. Tumatin da aka shafa ya jinkirta nuna, bai rasa nauyi da ƙarfi da sauri ba, ya kai kwana 20 a ajiye.

A 2011 ƙungiyar nan ta sake gwada ƙaro haɗe da ɗan man kirfa a kan ayaba da gwanda, suka ga baƙin tabon hunhuna ya ragu sosai. A Afirka ta Kudu kuma, masu bincike na jami'ar KwaZulu-Natal sun haɗa ruwan ganyen zogale cikin shafi, suka sa wa aboka, wato fiya, aka samu raguwar asarar ruwa da ta cuta.

Ƴan kasuwa ma sun shiga. Wani kamfani mai suna Apeel da James Rogers ya kafa a 2012 a jihar California ta Amurka, wanda ya samu tallafin gidauniyar Bill Gates tun farkon tashinsa, yana yin irin wannan shafi daga maiƙon da ake samu a tsirrai, kuma a 2018 aka fara sayar da aboka mai ɗauke da shi a shagunan Amurka.

Ke nan dabarar ba tatsuniya ba ce. Sai dai akwai abin da ya kamata mu lura da shi kafin mu yi guɗa.

Inda gizo ke saƙar

Kwana 20 ɗin nan na Malesiya, a ɗaki mai zafin digiri 20 aka same su, da iska mai laima sosai. Gwajin ayaba da gwanda kuwa a ɗakin sanyi aka yi shi. Wace rumfa ce a kasuwar Dole ta Damagaram ko Katako ta Yamai ke da digiri 20 da rana a watan Maris? Sakamakon da aka samu a can ba za a ɗauko shi a ɗora a nan kai tsaye ba.

Har ma akwai haɗari. Idan zafi ya yi yawa, ɗan itace na buƙatar iska mai yawa. In shafin ya yi kauri ya toshe shi, sai cikinsa ya fara tsami, ya yi wari irin na abin da ya kwana a rufe, alhali daga waje yana sheƙi. Kaurin da ya dace da digiri 20 yana iya shaƙe tumati a digiri 40. Wannan abu ne da sai an gwada shi a Jiratawa, a Kwanni, a Matamai, da irin tumatin da muke shukawa.

Abu na biyu, shafi ba ya gyara abin da ya fashe. Ku dubi yadda muke ɗaukar kaya. A cika babban kwando har ya yi toroƙo, a ɗora wani a kansa, a ɗora buhu, yaran mota su hau sama, a kama hanyar Maraɗi zuwa Yamai mai nisan fiye da kilomita 600. Na ƙasan kwando ya zama miya tun kafin a kai Dogon Dutsi. Ko da zinariya aka shafa masa ba zai tsira ba. Haka mangwaron da ƙudan ƴaƴan itace ya riga ya yi ƙwai a cikinsa, tsutsa daga ciki take ci.

Abu na uku, ba kowane kaya ne ke son shafi ba. Albasar Galmi, wadda ita ce alfaharinmu har Ghana da Kodebuwa, ba ta buƙatar a lulluɓe ta. Abin da take so shi ne a bar wuyanta ya bushe sarai, a ajiye ta a rudu mai shan iska. In ka tsoma ta a ruwa ka rufe ta, ka kira ruɓa da kanka. Salati da sauran ganye ma ba wurinsu ba ne. Tattasan Difa kuwa, shanya ta riga ta raba gardama. Inda shafi zai fi amfani shi ne tumati, mangwaro, lemu, gwanda, gwaiba, yalo da ɗanyen tattasai.

Ba kowane ganye ake ci ba

A nan ne muke son jama'a su buɗe kunne. Da an ce abu daga tsiro yake, sai mutane su ɗauka ba ya cutarwa. Tumfafiya ma tsiro ce. Bini-da-zugu ma tsiro ne. Dogon yaro, wanda manoma ke jiƙa ƴaƴansa su fesa a gona don korar ƙwari, mansa ba abin ci ba ne, an sha samun ƙananan yara da suka galabaita bayan an ba su shi. Abin da ya halatta a fesa wa shuka daban, abin da za a shafa wa tumatin da yaro zai ɗauka ya gatsa daban.

Sai batun ruwa. Idan aka dama ƙaro ko sitaci da ruwan tabki ko na rijiyar da ba a rufe ba, aka tsoma kwando goma a cikin baho ɗaya, to tumati ɗaya mai cuta zai shafa wa sauran, kuma an liƙa wa abincin mutane ƙwayoyin amai da gudawa da hannu. Haɗin da ya kwana a buɗe cikin zafi shi kansa abincin ƙwayoyin cuta ne. Shafi kuma ba ya maye gurbin wanke kaya kafin a ci.

Akwai kuma tambayar da mai saye Musulmi zai yi, kuma haƙƙinsa ne. Wasu shafe-shafen na waje ana yin su da gelatin, wanda ake iya samowa daga fatar alade, wasu kuma da barasa ake tatso sinadarin ganyen. Duk kwalbar da za ta shigo sai a rubuta abin da ke cikinta ɓaro-ɓaro. Ƙaro da zogale ba su da wannan matsala in da ruwa aka haɗa su.

Me ya sa muka dage kan wannan? Don mun san abin da ke faruwa idan talaka ya rasa mafita mai tsabta. Ana nunar da mangwaro da ayaba da kabayid ɗin masu walda. Ana zuba fiya-fiya a buhun wake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar waken Najeriya saboda yawan irin wannan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Gobe in labarin shafi ya bazu ba tare da ƙa'ida ba, wani zai cika jarka da abin da ba a sani ba, ya yi ta yawo kasuwa-kasuwa yana cewa maganin ruɓewa ne. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Ƙaro namu, kwalba tasu

Ƙaro mai kyau daga dakwara ake samun sa, itacen da wasu ke ce wa akwara, wanda ke fitowa a faɗin Sahel daga Senegal har Sudan. Kamfanonin duniya na sa shi a lemun kwalba, alawa da magunguna, lambarsa a jikin kwali E414. Sudan ce ke kan gaba wajen fitar da shi, Chadi da Najeriya na biye. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, kuma ya ci yankunan Kordofan da Darfur inda ƙaron yake, masu saye na ta neman wasu hanyoyi.

Nijar ma ta taɓa yin suna da ƙaro, musamman gabas, wajen Gure da Maine Sorowa, kafin farin shekarun 1970 da sare itatuwa su durƙusar da sana'ar. Yanzu dakwara na cikin itatuwan da ake dasawa don tare hamada, kuma sassaben zamani da ya faro a jihar Maraɗi a shekarun 1980 ya nuna cewa manomi kan raini itace in ya ga amfaninsa. Zogale kuwa, ko tamaka, ga shi nan a garake a gulbin Maraɗi da gefen kogin Kwara, mata na sana'arsa.

Wannan na da fuska biyu. In ƙaro ya yi tsada a kasuwar duniya, mai ɗibar sa ya ji daɗi, amma shafa shi a tumatin da kwandonsa ya faɗi ƙasa warwas ba zai biya ba. Lissafin da ake buƙata mai sauƙi ne: lita ɗaya ta haɗi kilo nawa take shafawa, nawa aka kashe a ƙaro da ruwa da aikin hannu, kwana nawa aka ƙara, kuma jika nawa kwanakin nan suka ƙara a kuɗin kwando? In riba ba ta fi ɗawainiya ba, manomi ba zai yi ba, kuma yana da gaskiya. Mai yiwuwa a tarar ya fi biya a mangwaro da lemu masu tafiya nesa, kamar lemun Timiya da ke ratso kusan kilomita dubu daga Agadas zuwa Yamai, fiye da tumatin da za a sayar a kasuwar ƙauye gobe da safe.

Fuska ta biyu ita ce wadda muka saba gani. Mu sayar da gyaɗa mu sayi mai, mu zubar da tumati mu sayi na gwangwani. In ba mu tashi ba, za a ɗauki ƙaronmu a buhu, a tace shi a Turai, a dawo mana da shi a kwalba da sunan maganin adana kaya, da kuɗin da mai garka ba ya iya biya.

Wa ya kamata ya yi me?

Muna da cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, tun 1975. Muna da jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, André Salifou a Damagaram, Djibo Hamani a Tawa. Wannan gwaji ba ya buƙatar injin miliyoyi. Ƙaro ne, zogale, ruwa mai tsabta, sikeli, ma'aunin zafi da ɗalibai masu haƙuri. Abin da manoma ke jira daga gare su shi ne amsa da Hausa, da Zabarmanci, da mudu da cokali: ga yawan ƙaro, ga yawan ruwa, ga irin kayan da za a shafa, ga kwanakin da za a samu a zafin Maris, ga waɗanda za a samu a sanyin Janairu. In gwaji ya nuna ba ya aiki a zafinmu, wannan ma a faɗa, an hutar da mutane. Majalisun manoma na jihohi da malaman gona su kai saƙon garka-garka, hukumomin kiwon lafiya da ƴan duwan kuma su sa ido kan abin da ke shigowa.

Kafin nan, akwai abin da ke hannun manomi yau, kuma ba ya jiran furoje. A tsinke kaya da sassafe ko da yamma, a kai su inuwa nan take. Wanda zai yi tafiya a tsinke shi tun yana fara sauya launi. A ware fasasshe da mai tabo, kar a ce a ɓoye shi a ƙasan kwando, shi ne zai cinye sauran. A rage cika kwando, inda hali ya yi a koma akwatin roba mai ramuka wanda ake jerawa ba tare da na sama ya danne na ƙasa ba. A gida kuma, ga dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, wadda wani malami ɗan Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ta fi aiki a busasshiyar iska, wato daidai lokacin da tumati ke yawa a wurinmu. Mai yiwuwa ma a cikin irin wannan sanyi ne shafin ƙaro zai nuna amfaninsa, shi ma abin gwadawa ne.

Ƴan uwa da ke ci-rani a Legas, Akara, Abijan, Tamanrasat ko Turai, ku ne kuke aiko da kuɗin iri da na injin ban-ruwa. In za ku ƙara wani abu bana, akwatunan roba da rumfar inuwa a bakin garka sun fi kwalbar da kuka gani a Facebook ko WhatsApp ba ku san abin da ke cikinta ba.

Shafin ƙaro da ruwan ganye ba zai mai da tumatin Maris ya kai Yuli ba, wannan aikin shanya ne da masana'anta. Abin da zai iya bayarwa, in an gwada an tabbatar, ƴan kwanaki ne. Amma kwana huɗu ko biyar sun isa mai garka ya ce wa dillali albarka, ya jira kasuwa ta gaba.